Rabin Jirgin Halliru

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta, amma mai cin abinci ya ture kwanonsa gefe tukuna, don wannan ba ta tafiya da loma.

A wata gaɓar masunta da ke ƙasa da gadar Wudil suna da abin da suke kira haɗin jirgi. Mutum biyu su haɗa ƙarfi su mallaki kwale-kwale ɗaya, su dafa goshinsa gaban dattawa, a yi Fatiha, a fasa goro. Daga ranar, duk abin da koma ta kamo biyu za a raba shi. In ɗaya ya faɗi faɗuwar da ba tashi, ɗayan ne zai ɗauke shi. Muddin yana ci daga tukunyar abokinsa, jirgi na nan ɗungurungum a hannun mai lafiya. In kuwa danginsa suka ɗauke shi, rabin jirgi ya bi shi, su sa nasu mutum a ciki yana karɓar kasonsa. Sai ƙa'ida ta ƙarshe, wadda ba a faɗa da ƙarfi amma kowa ya san ta: abokin jirgi ba ya kai ƙarar abokinsa a tudu.

Halliru da Isyaku haɗin jirgi ne tun kafin gemu ya fito musu har ya yi furfura. Wata rana da hantsi suna tsakiyar ruwa, Halliru na jan koma, sai igiya ta sulluɓe daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace, ya zube cikin kifi. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama sun tafi, magana ma ta tafi, sai gurnani. Amma fa kunne garau, hankali garau. Yana jin komai, yana gane komai, yana gyaɗa kai, yana girgiza shi.

Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Ya ɗaya gare shi, Mas'uda, tana aure a Achika. Ranar da aka sallame shi ta zo da mijinta Haladu, sun share ɗaki har sun shimfiɗa katifa. A ƙofar asibitin, gaban masuntan da suka zo dubiya, Isyaku ya tare su.

"Ina za ki kai shi?"

"Gida, Baba."

"Gidan suruki? Ina raye? Haba Mas'uda! Mutumin da muka dafa jirgi ɗaya, a ce yana kwance gidan surukinsa, ni kuwa ina yawo da hula a kai? Wallahi ba inda za shi sai gidana. Da hannun nan zan ba shi abinci, da shi zan wanke shi."

Masunta suka ɗauki kabbara, ana ta sa masa albarka. Mas'uda ta dubi ubanta. Hawaye na bin karkataccen bakinsa, ya gyaɗa mata kai. Ta haƙura.

Da farko, gaskiya, ba laifi. Aka sa shi a shagon ƙofar gida mai siminti da taga. Isyaku in ya dawo daga ruwa sai ya zauna da ludayi yana ba shi kunu yana tsokanarsa.

"Buɗe bakin nan, malalaci. Da can ma ni ke jan koma kai kana zuba surutu. Yanzu Allah ya hutar da kunnena."

Halliru ya yi dariya da rabin baki, kunu na zuba a haɓarsa, Isyaku ya share masa da gefen riga.

Ba a je ko'ina ba sai Garzali ya fara ƙunƙuni. Shi ne babban ɗan Isyaku, ƙato mai gemu, wanda ya hau gurbin Halliru a jirgi, kuma shagon nasa ne.

"Baba, ni fa abokaina sun daina zuwa. Kayan sawana duk sun ɗauki wari. Jiya a majalisa har toshe hanci aka yi mini."

Isyaku ya sosa gemu, sannan ya ce, "Cikin gida ma ai ya fi masa. Ya riƙa jin motsin mutane."

Cikin gidan da ake faɗa, ɗakin ajiye komaye ne, can ƙurya, jingine da murhun banda inda Suwaiba matar Isyaku take ƙyafe kifi. Ba ƙyaure, sai tsohon buhu a rataye. Katifar ba ta biyo shi ba, wai za ta lalace. Tabarma aka shimfiɗa masa kan ƙasa, tsakanin ruɓaɓɓun raga da gorunan da suka fashe. In Suwaiba ta hura wuta, hayaƙin nan ba inda yake nufa sai ɗakin. Halliru ya yi ta tari har idonsa ya yi jajir, ba mai leƙowa.

Abinci kuwa, Isyaku ya ce aiki ya yi masa yawa, Suwaiba ta riƙa ba shi.

"Ni fa Malam, ka sani, ba muharramina ba ne. Ba zan shiga ɗakin namiji baligi ba. Ina tsoron Allah."

To, kun ji tsoron Allah. Sai ta samo wani tsohon filafilin tuƙa jirgi, ta ɗora kwano a bakin ƙofa, ta tura shi ciki da filafilin kamar mai ba kare mai cizo abinci. Inda kwano ya tsaya, nan ya tsaya. Sau da yawa ɓangaren dama yake tsayawa, ɓangaren da ya mutu. Halliru ya miƙo hannun hagu ta kan ƙirjinsa, ya yi ta ƙoƙari, yatsunsa na taɓa bakin kwano suna ƙara tura shi nesa. Kafin nan kaji sun ji ƙamshi. Su shigo ta ƙarƙashin buhu, su taka masa ƙafa, su cinye tuwon yana kallo, har su bar masa kashi a tabarma. Da yamma Suwaiba ta jawo kwanon da filafili, ta nuna wa mijinta.

"Ka ga mutumin naka, ciwo bai taɓa masa ciki ba. Tas yake lashe kwano."

"Alhamdu lillahi," in ji Isyaku. "Da ma can shi mai ci ne."

Halliru na jin su.

Amma yunwa ba ita ta fi cin ransa ba. Mutum ne da ko ƙarnin kifi ba ya bari ya wuni a jikinsa. Yanzu ga shi kwance cikin fitsarinsa, cikin abin da ya fi fitsari. In larura ta matsa masa sai ya yi ta gurnani, yana buga ƙasa da hannun hagu, har ya gaji, har abin ya fi ƙarfinsa. Daga nan sai ƙudaje. Ya ji ladan na kiran azahar, ya kira la'asar, shi kuwa ba alwala, ba ko ƙasa mai tsarki kusa da zai dafa ya yi taimama. Sai ya yi sallar a zuci yana jin kunyar Ubangijinsa.

Likita ya ce a riƙa juya shi. Ga yadda juyin yake.

"Garzali, ka juya shi yau?"

"Ai na ɗauka kai ka juya shi, Baba."

"Ni da na dawo bayana kamar zai karye? To, bari, gobe."

Goben ta yi ta zuwa tana wucewa. Ƙugunsa ya yi ja, ya yi baƙi, ya fashe. Kafaɗa ta bi. Tabarma ta manne da fata.

Sai ranar Juma'a. Ranar Juma'a kam Halliru ɗan gata ne, don ranar kasuwa ce, ranar da masunta ke biyowa dubiya bayan masallaci, ranar da Mas'uda ke samun mota daga Achika. Tun da safe Garzali zai ɗaure hanci da ƙyalle, ya zura hannuwa cikin leda, shi da ubansa su ciccibi Halliru zuwa bayan ɗaki. A kwara masa ruwan sanyi daga bokiti kamar ana wanke jirgi. A barbaɗa toka a gyambon, a danne da tsumma, a zura masa farar rigar Isyaku mai aiki a wuya, a kafa masa hula, a feshe shi da turare har ya yi atishawa. A kai shi zaure, a tokare shi da matasai.

Baƙi su shigo su tarar da Isyaku durƙushe da ludayi.

"Sannu, Isyaku. Kai dai Allah ya biya ka."

"Wallahi zamanin nan ɗan da ka haifa ma ba zai yi maka haka ba."

Isyaku ya sunkuyar da kai. "Amana ce. Me na yi? Da ni ne a kwance, abin da zai yi mini ke nan."

Garzali kuwa yana gefe da waya yana ɗaukar bidiyo. "Baba, ɗan ɗaga ludayin. Yawwa. Baba Halliru, kalli nan, ɗan yi murmushi mana." Ya sa a waya, mutanen da ba su taɓa ganin Wudil ba suna ta kuka suna sa albarka. Wani ya aiko da bargo, wata ta aiko da buhun shinkafa. Bargon yana kan gadon Suwaiba. Shinkafar kuwa Halliru ya ji ƙamshinta.

Mas'uda ta zo da furarta da dambun nama, ta durƙusa ta gaida kowa, ta matso kusa da uban.

"Baba, ka rame."

Isyaku ya karɓe. "Ciwon ne, 'yata. Haka yake cin mutum ta ciki. Amma ci kam, tambayi Innarki, ba ya rage komai."

"Baba, ana dai kula da kai ko?"

Halliru ya dubi 'yarsa. Ya dubi Isyaku, wanda ke riƙe da ludayi yana murmushi. Ya gyaɗa kai.

Kada ku ce tsoro ne. Halliru bai taɓa jin tsoron Isyaku ba. Shi dai a ransa abokin jirgi ba ya tona abokinsa, ballantana gaban 'ya'ya. Kuma duk uzurin da mutanen gidan ba su kawo wa kansu ba, shi yana kwance yana kawo musu. Isyaku ya tsufa, ruwa ya ja baya, kifi ya yi wuya. Isyaku bai san Suwaiba da filafili take turo kwano ba. Isyaku namiji ne, bai iya jinya ba. Ai da ba ya ƙaunata da bai tare ni a ƙofar asibiti ba. Wanda ya riƙe ka ya hana a tafi da kai, ko yaya ya riƙe ka, so ne. Da wannan tunanin yake haɗiye hayaƙi.

Baƙi na watsewa, Mas'uda na hawa mota, za a tuɓe rigar tun kafin ya ɓata ta, a ninke, a mayar da shi ɗakin komaye. Furar da dambun su shige ciki.

Damina ta faɗi. Rufin ɗakin ya fara yoyo daidai ƙafafunsa. Ƙasa ta jiƙe, tabarma ta yi funfuna. Gyambon ƙugu ya zurma har yana jin abu na motsi a ciki. Zazzaɓi ya riƙa zuwa yana tafiya. Har kajin ma suka rage shigowa.

Wata ranar da ba Juma'a ba Isyaku ya ɗaga buhun ya shigo neman wata raga. Rabonsa da shiga ɗakin an daɗe. Warin ya buge shi, ya ja baya, ya toshe hanci da hula. Halliru ya ga haka, amma murna ta hana shi jin haushi. Ya yi gurnani, ya miƙa hannun hagu, ya kamo bakin wandon abokinsa, yana nuna ƙugunsa da ido.

"Na sani, na sani," in ji Isyaku ta cikin hula, idonsa na kan ragar. "Ka ga ruwa ya kawo kifi, karfasa ta shigo, in ba mu kama yanzu ba sai baɗi. Kai ma ka san aikin. Bari a kwana biyu, zan sa a gyara maka rufin nan. Sake ni mana, Garzali na jira."

Ya zare wandonsa, ya tsallake shi da ragar a kafaɗa. Halliru ya bi buhun da kallo har ya daina motsi. Ya ce a ransa, gaskiya ne, karfasa ba ta jira.

Wata ranar Talata Mas'uda ta rako uwar mijinta ganin likita a Wudil. Layi ya yi tsawo, ta ce bari ta leƙa ta gaida Baba ta dawo. Maza suna ruwa. Ta yi sallama a zaure, ba kowa, ba matasai, ba tabarma. Ta shige ciki. Suwaiba na bakin murhu tana juya kifi, ta ɗago ta gan ta, kifin ya faɗi cikin toka.

"A'a, Mas'uda! Yau Juma'a ce?"

"Ina wuni, Inna. Ina Baba?"

"Lafiya lau. Ya gida, ya su Haladu, ya damina? Barci yake. Yanzun nan ya samu barci, kada a tashe shi. Zauna in kawo miki ruwa."

Halliru ya ji muryar 'yarsa. Kun san abin da bawan Allahn nan ya yi? Bai yi gurnani ba. Numfashinsa ya riƙe, ya lalubo wata yagaggiyar raga da hannun hagu yana ja yana rufe jikinsa. Amma hayaƙi ya shaƙe shi, tari ya ƙwace masa.

Buhun ya ɗaga. Haske ya shigo, ƙudaje suka tashi buu. Mas'uda ta tsaya. Ta dubi kwanon da ke can ɓangaren dama da kashin kaji a bakinsa. Ta dubi tabarmar. Ta durƙusa ta janye ragar, yana riƙewa tana ja, har ta ga ƙugun, ta ga abin da ke motsi a ciki. Ba ta yi ihu ba. Ta fita da gudu ta yi amai a gindin bango, ta share baki, ta dawo. Halliru ya juya fuska bango, ya rufe ido.

"Inna, ruwan zafi."

"Wutar banda ce, kifin mutane ne a kai. Ke kuma kada ki ɗauka da wata manufa, ni ba muharramina..."

"Ni muharramina ne."

Ta sauke ragar kifin daga kan murhu ta dire a ƙasa, ta ɗora tukunya. Ta wanke ubanta da hannunta, tana cire tsutsa ɗaya bayan ɗaya da tsinke, tana cewa, "Yi haƙuri, Baba. Yi haƙuri." Ta cire mayafinta ta rufe shi. Ta kira mijinta a waya ya zo ya ɗauki uwarsa, ita kuma ta nufi gidan Baba Ɗayyabu, dattijon gaɓar, wanda a gabansa ake dafa jirgi.

Bayan la'asar tsakar gidan Isyaku ta cika. Baba Ɗayyabu da dattawa uku, ga Haladu, ga Isyaku da Garzali da suka dawo da laka a ƙafa. Isyaku ya ce a ɗauko farar riga a sa wa mara lafiya saboda mutane. Mas'uda ta ce ba rigar da za a sa masa. Haladu ya ɗauko shi ya kwantar a inuwa. Ta ɗaga gefen mayafin. Baba Ɗayyabu ya leƙa, ya yi salati, ya kau da kai.

"Isyaku, mene ne wannan?"

"Baba, ciwon kwanciya ne, kowa ya san shi. Ni ina ruwa tun safe, don wa nake nema? Ba don shi ba? Na bar wa iyali."

"Ni mace ce," in ji Suwaiba daga bakin ɗaki. "A tambayi malamai. Abinci kuwa ban taɓa fashi ba."

"Ni duk Juma'a nake masa wanka," in ji Garzali. "Akwai bidiyo ma, in kuna so ku gani."

Baba Ɗayyabu ya ɗaga hannu. "Mai abu yana nan, kuma hankalinsa ƙalau. Halliru, kana ji na? An cuce ka a gidan nan?"

Isyaku ya zube a gefensa, ya kama hannunsa na hagu da hannu biyu, hawaye shaɓe-shaɓe. "Faɗa musu, ɗan'uwana. Faɗa musu in na taɓa nufinka da sharri."

Hannun Isyaku da ɗumi, da kaushin igiya, hannun da Halliru ya sani. Rabon da wani ya riƙe shi haka ba leda ya manta. Ya girgiza kai.

"Baba!" in ji Mas'uda.

Ya sake girgizawa.

Baba Ɗayyabu ya sauke numfashi. "To, 'yata, kin gani. Wanda aka yi wa ya ce ba a yi masa ba. A al'adarmu ba mu da ta cewa."

"To a ba ni shi in tafi da shi."

"Sai dai bayan raina!" Isyaku ya ƙara damƙe hannun. "Rantsuwa na yi gaban jama'a. Ki kai shi gidan suruki a ce Isyaku ya gaza? Ki kashe ni kawai, Mas'uda. Ni da shi sai kabari."

Garzali ya matso yana huci. "Kuma in kun ɗauke shi wa za ku sa mana a jirgi? Wannan?" Ya nuna Haladu da baki. "Manomin da ko filafili bai iya riƙewa ba, ya zo yana raba kifi da mu?"

"Rufe mini baki!" in ji Isyaku.

Amma Mas'uda ta riga ta ji. Ta dubi Garzali, ta dubi ubansa, ta daɗe tana dubansu.

"Au, jirgi ne? Ku riƙe jirgin. Duka. Ba ma son ko ƙaya ɗaya ta kifinku. Ku ba ni ubana."

"Ba naki ba ne da za ki bayar," in ji Baba Ɗayyabu. "Mai shi yana raye. Halliru, ka ji abin da 'yarka ta ce. Ka yafe wa Isyaku rabinka na jirgi, ko kana gidan nan ko ba ka nan?"

Halliru har wani daɗi ya ji a ransa. Ya ce a zuci, yau za su gani. Yarinyar nan ta zagi Isyaku, ta ce don katako yake riƙe da ni. Bari in gyaɗa kai, Isyaku ya tashi ya ce su riƙe tsiyarsu, shi ba don jirgi ya dafa jirgi ba. Ya kafe abokinsa da ido, ya gyaɗa kai sosai yadda kowa zai gani. Ya jira.

Isyaku ya dubi dattawa. "Kun dai gani ko? Ya gyaɗa. Baba, kai shaida ne, ku ma shaidu ne. Ba ni na roƙa ba."

"Mun gani."

"To a yi Fatiha a kai, saboda gaba."

Ya saki hannun Halliru don ya ɗaga nasa. Aka shafa. Hannun Halliru na nan a ƙasa a buɗe inda aka sake shi. Isyaku bai koma ya kama ba. Ya goge tafinsa a gefen riga, ya miƙe, ya yi gyaran murya.

"Wato Baba, na yi tunani. 'Ya ce fa. Hakkinta ne ta yi jinyar mahaifinta, ta samu ladan. In na hana ta, na shiga hakkinta. Ni ba zan so Allah ya tambaye ni wannan ba. Garzali, yi maza ka nemo mai A Daidaita Sahu kafin hadarin nan ya sauko."

Garzali ya fita da gudu, bai taɓa yi wa Halliru sauri irin na ranar ba. Kafin ya dawo Suwaiba ta ƙulle 'yan tsummokaransa a leda, ta miƙo wa Mas'uda, har da cewa a gaida mutanen Achika. Dattawa kowa ya sunkuyar da kai yana neman takalminsa. Ba wanda ya ce tir.

Da aka ɗauko shi za a sa a mota, Isyaku ya leƙo. "To ɗan'uwa, sai na zo. Juma'ar nan in sha Allahu."

Halliru bai gyaɗa ba, bai girgiza ba. Ya dube shi kawai, irin kallon da ake yi wa baƙon da ba a san daga ina yake ba, sannan ya rufe ido. Mas'uda ta ɗora kansa a cinyarta. Har suka hau titi ruwa na bin gefen idonsa, ba sauti.

A Achika ya kwanta kan katifa. Haladu, surukin da aka ce abin kunya ne a kwanta gidansa, shi ke juya shi safe da yamma, shi ke yi masa alwala. Amma gyambon ya riga ya kai ƙashi, kuma tun daga ranar nan abinci sai an yi da gaske yake karɓa. Ana cikin yankan gero Allah ya karɓi abinsa, da tsarkinsa, cikin tufa mai tsabta. Isyaku bai zo ko Juma'a ɗaya ba, sai ranar jana'iza, inda ya fi kowa kuka har aka rirriƙe shi, Garzali na ɗauka a waya. Suwaiba tana nan tana bandarta, ta mayar da ɗakin komaye na kaji. Mas'uda ba ta ƙara taka gaɓar nan ba, kifin Wudil ma ba ya shiga tukunyarta. Jirgin kuwa yana nan yana aiki. Isyaku ya sa an yi masa sabon fenti, an rubuta a gefensa da manyan baƙaƙe: Halliru Aminina. Kuma har yau in samari biyu za su dafa jirgi a gaɓar, dattawa kan nuna musu shi su ce su yi koyi da Isyaku.